Folda ta Asibiti ce, Bayanin Ciki na Majinyaci ne

A yawancin asibitocin gwamnati a Najeriya, abin da majinyaci ke komawa da shi gida ƙaramin kati ne mai ɗauke da lamba. Foldar da likita ya rubuta komai a ciki, tun daga awon jini har magungunan da aka gwada ba su karɓe shi ba, tana ɗakin kati. Mutane da yawa sun ɗauka leƙa ta ma laifi ne.

Ba haka doka ta ce ba. A shekarar 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da Kundin Haƙƙoƙin Majinyata, kuma cikin haƙƙoƙi goma sha biyu da ya ƙunsa har da samun cikakken bayanin jinya a kan lokaci. A watan Yunin 2023 kuma aka sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta ba kowa damar neman kwafin bayanansa a inda aka ajiye su, da neman a gyara idan an yi kuskure. Asibiti na iya cewa a biya kuɗin fitar da kwafin. Ainihin foldar tana nan hannunsa, domin Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta masa adana ta.

Amfanin wannan yana fitowa ne ranar da aka tura mutum gaba. Mai ciwon ƙoda da aka turo daga Gusau zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, idan ya zo hannu rabbana, sai a sake gwaje-gwajen da ya riga ya biya kuɗinsu. Matar da ta haihu ta hanyar tiyata, ungozomar da za ta karɓi haihuwarta ta gaba tana buƙatar sanin dalilin tiyatar farko. Haka mai sikila da aka sha ƙara wa jini. Masu fita Masar ko Indiya neman magani sun fi kowa sanin wannan, don asibitocin can sukan nemi rahoton likita tun kafin a sayi tikiti.

Hanyar ba ta da wuya. Ana rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban asibiti, a sa suna da lambar kati, a fayyace abin da ake so: taƙaitaccen rahoton likita, sakamakon gwaji, ko hoton ƙirji. A miƙa, a riƙe kwafi mai hatimin karɓa, a karɓi rasidin duk kuɗin da aka biya. Idan an yi ta "je ka dawo", akwai hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, da kuma NDPC mai kula da bayanan jama'a.

Inda aka fi samun saɓani shi ne neman bayanin wani. Dokar 2014 ta ɗauki ciwon mutum a matsayin sirrinsa, ba a bayyanawa sai da izininsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko idan ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin haɗari. Uba ko uwa suna iya nema wa ƙaramin yaro. Amma miji, duk da shi ya biya kuɗin gado da magani, sai matarsa ta amince a rubuce kafin a ba shi. Ma'aikacin da ya hana shi ba wulaƙanci ya yi masa ba, dokar ce ta ɗaure shi.