Gado da Haye: Hanyoyin Shiga Sana'ar Hannu a Birnin Kano

A al'adar Bahaushe hanya biyu ce ake bi a zama mai sana'a, wato gado da haye. Ɗan gado shi ne wanda ya buɗi ido ya tarar da sana'a a gidansu. Ɗan haye kuwa da girmansa ya shige ta, ko don sha'awa ko don neman abin sawa a baka. Sunayen wasu unguwannin cikin birnin Kano, kamar Dukawa da Soron Ɗinki, suna nuna yadda sana'a kan zauna a zuriya ɗaya har wuri ya ɗauki sunanta.

Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ita ce misali mafi kyau na koyon gado. Yaro yakan fara da ɗebo ruwa da shanya tufa. Sai ya daɗe kafin a bar shi ya riƙe muciya. Abin da yake zuwa daga ƙarshe shi ne haɗa baba da toka da katsi, da gane lokacin da rini ya nuna ta hanyar duban kumfa da jin wari. Wannan ilimi ba a rubuce yake ba, kuma marini ba ya saurin sakar wa bare shi. Matsalar ita ce, tun da aka fara sayar da shunin kanti na ƙasar Jamus a 1897, sannan atamfa mai araha ta cika kasuwa, ribar rini ta ja baya. Yau ramuka da yawa a marinar sun bushe, domin 'ya'yan gidan sun kama wasu harkoki.

Hanyar haye ta fi rassa. Akwai wanda uba kan damƙa wa ubangida a Ƙofar Wambai ya koyi yankan fata da ɗinkin takalmi da jaka, yana aike yana kallo har a yaye shi. Akwai almajirin da ya koyi ɗinkin hula a zauren malaminsa bayan an tashi karatu. Mata kuma a cikin gida suke koya wa juna ɗaurin zanen da ake kai wa marina, kodayake ba kasafai ake ambaton su ba idan ana yabon kayan. Gwamnati ma ta sa hannu da ta kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa a 1986, wadda take tura matasa wurin masu sana'a.

Ɗan haye yakan fi ɗan gado ƙarfin halin sauya fasali, shi ne ma ya fi tallar kayansa a Facebook. Sai dai horon wata shida yana iya fitar da mai ɗinka jaka, amma ba ya fitar da majemin da zai gyara masa fatar.