SAKATAR FAMFON MAI: AMFANINTA DA HAƊARINTA

Yau maganarmu a kan gidan mai ta ke. Watakila wani ya ce, ina ruwan ma'aikatan lafiya da gidan mai? To, ƙunar fetur tana cikin munanan raunukan da a ke kawowa asibiti, ga shi kuwa kusan kowa yana zuwa sayen mai, wani da mota, wani da babur, wani da jarka don janareta ko injin ban-ruwa.

In ka dubi bakin tiyon da a ke zuba mai da shi, za ka ga yana da kunama kamar ta bindiga. In an matsa ta mai ya zubo, in an sake ta ya tsaya. A ƙarƙashinta akwai wata 'yar sakata. Ita ce a kan ɗana, ta riƙe kunamar, mai ya yi ta zuba ba tare da an riƙe ba.

Me ke hana tanki ya cika ya tumbatsa? Kusa da ƙarshen bakin akwai wani ɗan rami, daga shi kuma wani siririn bututu ya tafi cikin mariƙi. Sa'ad da mai ke wucewa, yana zuƙo iska ta wannan rami. Da tanki ya cika, mai ya taso ya toshe ramin, sai iska ta yanke, zuƙar nan ta ja wata 'yar fata a cikin mariƙin, ita kuwa ta saki kunama. Shi ne ka kan ji ƙwas, mai ya tsaya. Wani Ba'amurke, Richard Corson, shi ya ƙago dabarar nan a 1939.

Amfanin sakata a fili ya ke. Ma'aikacin da ke wuni yana matsa kunama, ta hutar da hannunsa. Tsoho mai ciwon gaɓoɓi ma haka. Sa'an nan ta kan ba mutum damar ja da baya kaɗan, kada ya yi ta shaƙar tururin fetur. Cikin tururin nan akwai wata guba, binzin, wadda likitoci suka tabbatar tana jawo ciwon dajin jini ga wanda ya daɗe yana shaƙarta.

Duk da haka ƙasashe ba su yi baki ɗaya a kanta ba. A Ingila da yawancin Amurka mai mota ne ke zuba wa kansa mai. A Ingila a kan cire sakatar a irin waɗannan gidajen mai, dole mutum ya riƙe har ya gama. A jihar Kalifoniya ta Amurka kuwa doka ta ce lalle a sa ta, saboda tururin nan. Jihar Massachusetts ta hana ta shekaru da yawa, sai a 2015 ta janye hanin.

Abin da masu hanawa ke tsoro shi ne, mutum in hannunsa ya huta sai hankalinsa ya tafi wani wuri. Kun san yadda in an tuɓe rigar sanyi da dare lokacin hunturu a kan ji ƙas-ƙas, har a ga ɗan tartsatsi cikin duhu. Lantarki ne da gogayyar tufa ke tarawa a jiki in iska ta bushe. To, mutum ya ɗana sakata, ya koma mota ya zauna, tufarsa ta gogi kujera. Ya fito bai taɓa kome ba, ya kai hannu ga bakin tiyo. Ɗan tartsatsin nan ya isa ya kunna tururin da ke fitowa daga tanki. Ƙungiyar masu kayan gidajen mai ta Amurka ta bi labarin gobara irin wannan fiye da 100, ta ga da yawa daga cikinsu komawa cikin mota ce ta jawo su, kuma sun fi aukuwa lokacin sanyi da bushewar iska. Hunturunmu ma haka iskarsa ta ke. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Haɗari na biyu, ƙarfe ya kan lalace. In sakata ta cije, ko bakin tiyo ya zame daga tanki, mai zai yi ta kwarara ƙasa. Famfo yana iya zuba wajen lita 40 a minti ɗaya, watau kafin ka juya ka amsa gaisuwa, lita da yawa sun malale. Tururin fetur kuwa ya fi iska nauyi, ƙasa-ƙasa ya ke bi, har ya tarar da guntun taba ko garwashin mai shayi.

Saboda haka ga abin da za ku kiyaye:

1. Kashe inji tukuna. Ban da taba, ban da ashana.
2. Wanda ya ɗana sakata ya tsaya nan kusa, idonsa a kan tiyo, har ta saki. Kada ma'aikaci ya bar ta ya tafi neman canji, kada waya ta ɗauke masa hankali.
3. In ka fito daga mota, taɓa ƙarfen ƙofa da tafin hannu kafin ka matso bakin tanki.
4. Inda babu sakata, kada a cusa dutse ko murfin tanki, ko a ɗaure kunama da igiya. Sakatar asali an yi ta don ta saki da kanta, dutse kuwa bai san wannan ba.
5. In ta yi ƙwas, tanki ya cika. Kada a ce a daɗa kaɗan.
6. Babur da jarka da hannu a ke cika su. Mai babur ya sauka, jarka kuma a ajiye ta ƙasa, kada a cika ta a bayan mota.
7. Direba, kada ka ta da mota sai ka ga an mai da tiyo wurinsa.

In wuta ta kama a bakin tanki, kada a fizge tiyon, gama fizgewa ita ke watsa mai a jikin mutane. A bar shi a ciki, a ja da baya, a yi wa ma'aikata magana su kashe famfo. Wanda tufarsa ta kama kada ya yi gudu, ya kwanta ya yi birgima, ko a lulluɓe shi da bargo. A yi ta zuba ruwa mai tsabta mai sanyi a kan ƙunar har minti 20. Kada a shafa ƙwai, ko manja, ko tawada, ko kashin shanu. A rufe da tsabtataccen ƙyalle, a garzaya ɗakin shan magani ko asibiti.

Ku gaya wa direbobinku da 'ya'yanku masu aiki a gidan mai: duk wanda ya ɗana sakata, shi ke gadinta har ta saki. Rigakafi ya fi magani.