In Maigida Ya Rasu Ya Bar Kuɗi A Banki

'Yar'uwa, ranar da banki ya samu labarin rasuwa ranar zai rufe asusu, ko da kuwa sunanki marigayin ya rubuta a fom. Wata maƙwabciyarmu tana cikin takaba ta miƙa wa ƙanin mijinta takardu kaf, wai mace ba ta zuwa kotu. Wallahi har yau tumuninta shiru.

Alhali ba sai da lauya ba. Ki nemi takardar shaidar mutuwa, ku je sashen gado na Babbar Kotun Jiha ke da wani magajin, da masu tsaya muku mutum biyu. Za a biya kuɗi gwargwadon dukiyar, a buga sanarwa, sannan a ba ku takardar izinin cire kuɗin. Rabo kuwa sai an fitar da bashi da wasiyya.