Abin da ke Haifar da Daba a Biranen Arewa

A Kano 'yan daba ake ce musu, a Gombe 'yan kalare, a Bauchi da Jos 'yan sara-suka, a Katsina kuwa ƙauraye. Samari ne masu jini a jika da ke taruwa a kango ko bakin kududdufi, suna faɗan unguwa da adda da barandami, da dare kuma su tare hanya su ƙwaci waya. Duk wanda aka tambaya dalili, talauci yake fara kamawa. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna mutum miliyan 133 ne ke fama da talauci ta fuskoki daban-daban a Nijeriya, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Da talauci shi kaɗai ke mai da mutum ɓarawo, da ba mai iya runtsawa a gari. Ga ɗan dako, ga mai tura baro, ga ɗan ga-ruwa, suna wuni a rana ba su taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Talauci yana rikiɗewa ya zama laifi ne idan ya tarar da saurayi ba sana'a, ba mai tsawata masa, ga kuma mai sayen ɓarnarsa a kusa.

Tushen farko shi ne mutuwar wuraren aiki. A da, unguwannin masana'antu na Bompai da Sharada da Challawa a Kano, da masaƙun Kakuri a Kaduna, suna ɗaukar dubban ma'aikata. Daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 abubuwa suka fara ja da baya. Faɗuwar darajar naira, da rashin wutar lantarki, da kwararowar yadi mai araha daga waje suka durƙusar da kamfanonin ɗaya bayan ɗaya, har babbar masaƙar UNTL ta rufe a 2007. Kowane ma'aikaci da aka sallama yana da gida a bayansa, kuma da mai abinci da mai shago da tela duk da albashinsa suke ci. Daga baya acaɓa ta rufa wa matasa da dama asiri, sai aka hana ta a Kano a 2013 saboda tsaro. Cire tallafin man fetur a 2023 ya ƙara tsadar komai.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne rashin aikin ya tafi da wata tsohuwar hanyar tarbiyya. Yaro yakan taso a hannun ubangida, a maƙera ko marina ko rumfar kasuwa. Da safe shi ke share wuri, shi ake aike, a gaban ubangidan yake cin abinci, idan ya yi latti a tambaye shi inda ya tsaya. Bayan shekaru a sallame shi da ɗan jari, wani lokaci har a yi masa aure. Wannan zama ya wuce koyon sana'a, domin akwai babba da ya san inda yaron yake tun hantsi har magariba. Da jari ya karye, iyayen gida suka rage yara. Makaranta kuma ba ta maye gurbin ba, don Asusun UNICEF ya daɗe yana ƙiyasta cewa yara fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta a ƙasar. A gida ma an samu giɓi: yawan mutuwar aure kan bar yaro a hannun kaka da ƙarfinta ya ƙare, ko a gidan da ba mai damuwa da ya ci ko bai ci ba. Daba tana ba irin wannan yaro abin da ya rasa. Tana ba shi suna da abokai da masu rama masa idan an taɓa shi.

Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Robert Merton, ya bayyana tun a 1938 cewa laifi kan yawaita a inda al'umma ke girmama dukiya, amma ta toshe wa mafi yawan mutane halattacciyar hanyar samunta. Saurayin da ke ganin ana yi wa mai kuɗi kirari ba tare da an tambayi inda ya samo ba, ya riga ya ɗauki darasi.

Sai kasuwar laifin kanta. Asalin daba a Kano yana da alaƙa da ƙungiyoyin 'yan tauri da 'yan farauta, amma siyasa ce ta mai da ita hanyar cin abinci, tun zamanin adawar jam'iyyun NEPU da NPC a shekarun 1950. Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999 abin ya ƙazanta, har ƙungiyar Human Rights Watch ta yi bayani a rahotonta na 2007 kan yadda aka yi amfani da 'yan kalare a siyasar Gombe. Ana ɗaukar yaran lokacin yaƙin neman zaɓe, a ba su kuɗi da ƙwaya, idan an kama su a yi belinsu. Zaɓe na wucewa a watsar da su, makamin kuma yana hannunsu. Wannan zalunci ne da ya fi na yaran muni, domin masu yinsa sun san abin da suke yi. Haka ƙwacen waya: ba zai ɗore ba sai da mai saye, wanda zai goge ta ko ya farke ta ya sayar da kayan cikinta.

Ƙwaya ce ke cire tsoro da tausayi. Rahoton 2018 na ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da su a Nijeriya, kuma a shekarar ne gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Tiramol da wiwi da sholisho ba su yi wuyar samu ba. Mai shaye-shaye na buƙatar kuɗin yau da na gobe, ba ya jiran ƙarshen wata.

Idan an kama yaro, gidan yari ba kasafai yake gyara shi ba. Kusan kashi biyu cikin uku na fursunonin Nijeriya jiran shari'a suke yi. Wanda aka tsare kan satar waya yakan shafe watanni a ɗaki ɗaya da 'yan fashi, saboda iyayensa ba su da kuɗin lauya ko mai tsaya masa. Ranar da ya fito, ba mai shagon da zai yarda ya riƙe masa aljihun teburi, ba gidan da zai ba shi 'ya, sai tsofaffin abokansa na daba da ke zuwa yi masa barka da arziki.