BABI NA UKU: DOKAR ƁATANCI GA ADDINI DA MATSAYIN MARASA RINJAYE A MASARAUTAR KAZAURE DA MAƘWABTANTA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin tarihin Gwiwa da irin mutanen da suke zaune a cikinta. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin fito da ma'anar ɓatanci ga addini, da dokokin da suka yi tanadi a kansa, sannan a duba yadda zargin ɓatanci yake shafar mabiya addinai da aƙidun da ba su da rinjaye. An ɗauko misalai daga Kazaure da Dutse da Kano da Sakkwato, domin abin da ya faru a waɗannan garuruwa shi ne mutanen ƙauyuka suke auna zamansu da shi.

3.1 Ma'anar Ɓatanci da Marasa Rinjaye

Abin da ake nufi da ɓatanci a wannan nazari shi ne furta magana ko yin rubutu ko wani aiki da ake ganin ya taɓa mutuncin Allah, ko Annabi (S.A.W.), ko Alƙur'ani, ko wani abin da mabiya wani addini suke girmamawa. Marasa rinjaye kuwa sun kasu gida uku. Na farko su ne Kiristoci, baƙi 'yan kasuwa da ma'aikata da kuma 'yan ƙasa. Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda cocin ECWA ta samo asali daga gare ta, ta buɗe tasha da makaranta a Roni tun zamanin Turawa, saboda haka Kiristanci ba baƙo ba ne a masarautar Kazaure, wadda Gwiwa take cikinta. Na biyu su ne Maguzawa masu bin addinin gargajiya. Na uku su ne Musulmi waɗanda fahimtarsu ta saɓa wa ta akasarin malamai, da kuma waɗanda suka bar addini baki ɗaya.

3.2 Dokokin da Suka Yi Tanadi

Dokoki iri biyu ne suke aiki a wannan yanki. Ta farko ita ce dokar Final Kod ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960. An tsara ta ne bisa ta ƙasar Sudan, ita kuma ta Sudan ta samo tushe daga dokar da Turawan Ingila suka yi wa Indiya a 1860. Sashe na 210 na wannan doka ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko tara, ga wanda ya ci mutuncin wani addini a bainar jama'a ta yadda zai iya tayar da hankali. Wannan sashe ya hau kan kowa, kuma ya kare kowane addini.

Ta biyu ita ce dokar shari'ar Musulunci ta manyan laifuka. Jihar Zamfara ce ta fara ƙaddamar da ita a 1999, sannan Kano da Jigawa da wasu jihohi suka bi sahu daga 2000. Sashe na 382(b) na dokar Kano ya tanadi hukuncin kisa ga wanda ya zagi Annabi (S.A.W.). Musulmi ne wannan doka ta hau kansu. A gefe guda kuma, Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin addini a sashe na 38, da 'yancin faɗar albarkacin baki a sashe na 39. Karon da ke tsakanin waɗannan tanade-tanade shi ne tushen jayayyar da lauyoyi suke yi.

3.3 Yadda Dokar ta Yi Aiki a Kotu

Idan aka duba shari'o'in da suka shahara, za a ga cewa hukunci mafi tsanani ya faɗa ne a kan rukuni na uku. A watan Agusta na 2020 wata Babbar Kotun Shari'ar Musulunci a Kano ta yanke wa Yahaya Sharif Aminu, mawaƙin bege ɗan ɗariƙar Tijjaniyya, hukuncin kisa saboda wata waƙa da ya yaɗa ta WhatsApp. A Janairun 2021 Babbar Kotun Jiha ta soke hukuncin domin ba shi da lauya a lokacin shari'ar, ta ce a sake sauraren ƙarar. A 2022 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce dokar ba ta saɓa wa Tsarin Mulki ba, daga nan maganar ta wuce Kotun Ƙoli. Haka kuma a Disambar 2022 aka yanke wa Sheikh Abduljabbar Nasiru Kabara hukuncin kisa. Shi kuwa Mubarak Bala, wanda ya bayyana cewa ba ya bin kowane addini, an ɗaure shi shekara 24 a 2022 saboda rubuce-rubucensa a Facebook, kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da ɗaurin shekara 5 a 2024.

Ya kamata a lura cewa tun daga 2000 babu wanda aka zartar wa hukuncin kisa na kotu a kan ɓatanci, domin akwai damar ɗaukaka ƙara, kuma sai gwamna ya sa hannu. A Afrilun 2025 ma Kotun ECOWAS ta yanke cewa sashe na 210 da na 382(b) na dokokin Kano sun saɓa wa yarjejeniyoyin kare haƙƙin ɗan'adam da Nijeriya ta amince da su.

3.4 Ɗaukar Doka a Hannu

Ga Kiristoci kuwa, babbar barazanar ta fi zuwa daga taron jama'a tun kafin magana ta kai kotu. Misali mafi kusa da Gwiwa shi ne rikicin Kazaure na watan Nuwamba, 2003, wanda ya taso daga zargin ɓatanci da aka yi wa ɗaya daga cikin ɗalibai Kiristoci na wata makarantar sakandare. An ƙone coci-coci da gidaje da shaguna na mutanen da ba su da hannu a maganar. Irin haka ta faru a Dutse a Satumbar 2006, bayan an zargi wata mata Kirista. A Kano an kashe Gideon Akaluka a 1994, alhali yana tsare a gidan yari, an kuma kashe Bridget Agbahime a kasuwar Ƙofar Wambai a 2016. A Sakkwato aka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ranar 12 ga Mayu, 2022, abin da Majalisar Sarkin Musulmi ta yi Allah wadai da shi.

Wannan ɗabi'a ba ta da madogara a fiƙihun Malikiyya da malaman ƙasar Hausa suke karantarwa. Littattafai irin su Ashafa na Alƙali Iyal sun tsananta hukuncin zagin Annabi (S.A.W.), amma tabbatar da laifi aikin alƙali ne, ta hanyar shaidu adalai ko iƙirari, zartarwa kuma aikin shugaba ne.

3.5 Dalilan da Suke Sa Marasa Rinjaye Suka Fi Cutuwa

Daga misalan da aka kawo za a iya fitar da dalilai huɗu. Na farko, dokokin ba su fayyace iyakar abin da ake kira cin mutunci ba, saboda haka bambancin aƙida kansa yana iya zama laifi a idon mai rinjaye. Na biyu, maimaita kalmar ɓatanci abin ƙi ne, don haka jama'a sukan yanke hukunci ba tare da sun ji ainihin abin da aka faɗa ba. Na uku, lauyoyi da shaidu sukan ji tsoron tsayawa wa wanda ake zargi. Na huɗu, rashin hukunta masu kisa yana ƙara wa wasu ƙarfin gwiwa. Waɗanda aka gurfanar a kan kisan Bridget Agbahime an sallame su a cikin shekarar. Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan ruwan yakan doki dukkan danginsa da maƙwabtansa.

3.6 Naɗewa

Wannan babi ya nuna cewa zargin ɓatanci yana cutar da marasa rinjaye ta hanya biyu: ta kotu ga Musulmi masu wata fahimta ta daban, da ta tarzoma ga waɗanda ba Musulmi ba. A ƙauyukan da Musulmi da Kirista suke cin kasuwa ɗaya, wani lokaci ma kakansu ɗaya, kariyar farko tana hannun mai unguwa da dagaci da liman, waɗanda za su iya miƙa wanda ake zargi ga hukuma kafin taro ya haɗu. Babi na gaba zai duba rawar da sarakunan gargajiya da malamai suke takawa wajen sasanta irin wannan rikici a gundumar Gwiwa.