Kasuwar hayaƙi ta Turai: yadda aka kafa ta, da inda ta taɓo ɗan kasuwar Nijar

Duk mai shiga kasuwa ya san abin da ake kasawa: hatsi, albasa, atamfa, goro, bisashe. To amma tun ranar 1 ga watan Janairu na shekarar 2005 akwai wata kasuwa da ke ci a ƙasashen Tarayyar Turai wadda hajarta ba a auna ta da tiya, ba a kuma ɗora ta bisa amalanke. Abin da ake saye da sayarwa a cikinta shi ne izinin fitar da hayaƙi. Takarda ɗaya tana ba mai masana'anta damar sakin tan ɗaya na iskar kabon, wato iskar da ke fitowa idan an ƙona kwal ko man fetur ko gas, wadda kuma masana suka tabbatar ita ce kan gaba wajen ɗumama duniya. Wani zai ce ina ruwan biri da gada. Ruwan kuwa akwai shi, don kuɗin wannan takarda ya fara shiga cikin kuɗin dakon kayan da jiragen ruwa ke kawowa yankinmu.

Yadda cinikin yake

Dabarar mai sauƙi ce. Hukuma tana yanke iyakar hayaƙin da dukan manyan masana'antu za su fitar a shekara, sai ta fitar da takardun izini daidai wannan adadi. Idan shekara ta ƙare, kowane kamfani dole ya miƙa takardu daidai yawan hayaƙin da ya saki. Wanda takardunsa suka kasa, sai ya nemi mai rara ya saya. Kowace shekara kuma ana rage yawan takardun, don haja ta yi ƙaranci, farashi ya hau.

Ga misali. A ce masana'antu 2 ne, kowace an ba ta takarda 100, alhali kowace tana fitar da tan 120. Ta farko injinanta na da sauƙin gyara, ta kashe kuɗi kaɗan ta sauko zuwa tan 80, takarda 20 suka rage mata. Ta biyu gyaranta na da tsada, sai ta sayi waɗannan 20 ɗin. Jimillar hayaƙi ta tsaya a tan 200 kamar yadda hukuma ta so, mai gyara ya ci riba, mai ƙazanta ya biya.

Ba Turai ce ta fara ba. Amurka ta sa irin wannan tsari a dokarta ta tsabtar iska a 1990, don rage hayaƙin farar wuta da ke fita daga tashoshin lantarki. Bayan yarjejeniyar Kiyoto ta 1997, wadda ta ɗora wa ƙasashe masu arziki nauyin rage hayaƙi, Turai ta ɗauki dabarar ta faɗaɗa ta zuwa yanki guda. Kasuwar ta haɗa ƙasashe 27 na Tarayyar da Norwe da Aisland da Lishtenstain, ta shafi tashoshin lantarki da masana'antu wajen 10.000, masu siminti da ƙarfe da takin zamani da matatun mai.

A takarda abin ya yi kyau. Sai dai kasuwar da doka ce ta haife ta, duk kuskuren da aka yi wajen tsara ta sai ya fito a farashi.

Idan haja ta yi yawa

Matan da ke sayar da albasar Galmi sun san abin da ke faruwa lokacin da kowa ya kwashe gonarsa a mako guda: buhu ya faɗi warwas. Haka ta faru da Turawa. A zangon farko, daga 2005 zuwa 2007, an bar kowace ƙasa ta yanke wa kanta yawan takardun da za ta raba wa masana'antunta. Kowa ya ja wa nasa, kamfanoni kuma suka kumbura lissafin hayaƙinsu don su samu kaso mai tsoka.

A watan Afrilu na 2006 takarda ɗaya ta kai wajen Yuro 30, kusan jika 20 na sefa ke nan. A ƙarshen watan sai aka fara bayyana ainihin hayaƙin da aka fitar a 2005, aka ga ashe takardu sun fi hayaƙin yawa. Cikin ƴan kwanaki farashi ya karye da wajen rabi. Da yake doka ta hana a ajiye takardun wannan zango zuwa na gaba, a 2007 ko Yuro 1 takarda ba ta kai ba. Takardar da ba ta da daraja kuwa ba ta sa kowa ya gyara injinsa.

An sake faɗawa ramin bayan karayar tattalin arzikin duniya ta 2008. Masana'antu suka rage aiki, takardu wajen miliyar 2 suka taru babu mai so, a 2013 farashi ya sauka ƙasa da Yuro 5. Magani biyu aka yi. Na farko, daga 2013 an ƙwace wa ƙasashe ikon yanke iyaka, aka yi iyaka ɗaya ta yankin baki ɗaya. Na biyu, a 2019 aka buɗe wani rumbun ajiya: idan takardu sun yi yawa a kasuwa sai a janye wasu a kulle, idan sun yi ƙaranci ƙwarai a sako. Mai karatu zai tuna da rumbunan OPVN, sai dai a nan babban aikin rumbun shi ne hana farashi faɗuwa. A watan Fabrairu na 2023 takarda ta haura Yuro 100, sama da jika 65 ke nan.

Kyauta ko gwanjo?

Tambaya ta biyu ita ce ta yadda takardun za su shiga hannun kamfanoni. A zangon farko kusan duka kyauta aka raba su, don kada masu masana'antu su tayar da ƙayar baya. Sai kamfanonin lantarki suka lissafa darajar takardun da aka ba su a banza, suka ɗora ta bisa kuɗin wutar da magidanta ke biya. Tamkar a ba mutum rumfa kyauta ne a kasuwa, shi kuma ya riƙa ƙara kuɗin haya a kan kowane mudu. Daga 2013 aka tilasta wa akasarin kamfanonin lantarki sayen takardunsu a gwanjo. A 2023 kaɗai gwanjon ya tara sama da Yuro miliyar 40, doka kuma ta ce kason da ƙasashe ke samu a kashe shi kan ayyukan da suka shafi yanayi da makamashi.

Wasu jihohin arewa maso gabashin Amurka sun ga abin da ya samu Turai, suka ɗauki darasi. Jihohi 10, ciki har da Niyok, suka kafa tasu kasuwar mai suna RGGI, wadda ta shafi tashoshin lantarki kawai. Tun gwanjonsu na farko a watan Satumba na 2008, inda takarda ta tashi dalar Amurka 3 da ƴan kai, sayarwa suke yi duk wata 3, suna zuba mafi yawan kuɗin wajen rage ɓarnar wuta a gidaje da tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi biyan kuɗin lantarki. Sun kuma sa ƙa'idar farashin da ba a sauka ƙasa da shi. Duk da haka su ma hajarsu ta yi yawa, sai da suka zabtare iyakar da kashi 45 cikin 100 a 2014. Wata matsalar ta kasuwar haɗin gwiwa ita ce siyasa: jihar Niyu Jasi ta fice a ƙarshen 2011 bisa umurnin gwamnanta, ta dawo a 2020 bayan an canza gwamna.

Wa ke riƙe da mudu?

Kasuwar da mudunta ke da rami a gindi ba ta daɗewa. Tunda hayaƙi ba a ƙirga shi da ido, kowane kamfani a Turai dole ya rubuta yawan kwal da gas da man da ya ƙona, wani mai bincike mai zaman kansa ya tantance, kafin hukuma ta karɓa. Wanda ya kasa miƙa takardu ana cin sa tarar Yuro 100 a kan kowane tan, kuma tarar ba ta yafe masa bashin takardun ba.

Ko da hakan, ɓarayi sun samu ƙofa. Tsakanin 2008 da 2009 wasu ƴan damfara sun riƙa sayen takardu a wata ƙasa ba tare da harajin TVA ba, su sayar a wata ƙasar haɗe da harajin, sannan su ɓace da kuɗin gwamnati. Hukumar ƴan sandan Turai, Europol, ta ƙiyasta asarar da wajen Yuro miliyar 5, sama da miliyar 3.000 na sefa, kuma Faransa na cikin waɗanda suka fi jin jiki. A watan Janairu na 2011 kuma ɓarayin intanet suka kutsa cikin rajistar wasu ƙasashe suka sace takardu, har sai da aka dakatar da ciniki na wani lokaci. Daga 2012 aka haɗe rajistocin wuri guda.

Bayan duk wannan tuntuɓe, kasuwar ta yi aiki. Alƙaluman hukumar Tarayyar Turai sun nuna cewa zuwa 2023 hayaƙin masana'antun da abin ya shafa ya ragu da wajen kashi 47 cikin 100 idan aka kwatanta da 2005, galibi saboda tashoshin kwal da aka rufe aka koma ga iska da hasken rana. Burin da aka sa shi ne kashi 62 cikin 100 kafin 2030.

Inda abin ya iso gare mu

Hanya ta farko ita ce teku. Tun watan Janairu na 2024 an shigar da manyan jiragen ruwa cikin kasuwar. Jirgin da ya taso daga tashar Turai zuwa wata tasha ta waje, kamar Lome ko Kwatano, ana lissafa masa rabin hayaƙin tafiyar. An fara da biyan kashi 40 cikin 100 na hayaƙin 2024, sai kashi 70 na 2025, sai duka daga na 2026. Manyan kamfanonin dako irin su Maersk da MSC da CMA CGM sun sanar da ƙarin kuɗi na musamman a kan kowace kwantena saboda wannan. Alhajin da ke odar madara ko tsofaffin motoci ko kayan gwanjo daga Turai, ya duba takardar dakonsa da kyau zai iya tarar da wannan layi. Ƙarin ba shi da yawa a kan kaya ɗaya ɗaya, amma kowa ya san inda irin wannan kuɗi ke ƙarewa: daga babban ɗan kasuwa zuwa mai shago, daga mai shago zuwa mai tebur, daga nan sai aljihun uwargida.

Hanya ta biyu ita ce kan iyaka. Turawa sun ji tsoron kada masana'antunsu su gudu zuwa ƙasashen da hayaƙi ba shi da kuɗi, don haka suka kafa wani irin kuɗin duwan na kabon a kan siminti, ƙarfe, alminiyom, takin zamani, lantarki da haidirojin da ake shigar musu. An fara gwajinsa a watan Oktoba na 2023, biya kuma ya shafi kayan da suka shiga daga 2026. Albasa da wake da riɗi da dabbobinmu ba sa cikin jerin, amma ƙasashen Afirka masu sayar wa Turai waɗannan kaya, irin su Mozambik mai alminiyom da Masar mai taki, abin ya shafe su kai tsaye.

Hanya ta uku ita ce itatuwa. Manoman jihohin Maraɗi da Damagaram, ta hanyar sassabin zamani, sun raya gawo da sauran itatuwa a gonakin da masu bincike suka ƙiyasta sun kai eka miliyon 5 a ma'aunin hekta, kuma itace yana shanye iskar kabon. An kuma yi aikin dashen dakwara a wasu karkarun Nijar da tallafin wani asusun Bankin Duniya mai sayen kabon. Sai dai kasuwar Turai tun farko ta ƙi karɓar takardun da suka fito daga dashen itace, bisa hujjar cewa itace na iya ƙonewa ko a sare shi, kuma daga 2021 ta daina karɓar takardun waje gaba ɗaya. Ke nan babbar kasuwar mai tsada a rufe take ga manominmu, sai ƙananan kasuwannin sa-kai inda kamfanoni ke saye don ganin dama, farashi kuma bai kai na can ba.

Don haka idan wani ya zo gari ko ƙungiyar mata da maganar sayen kabon, a tarbe shi da tambayoyin da ake yi wa kowane dillali. Wa zai auna, kuma da wane mudu? Nawa ake sayar da tan a inda za a kai shi, nawa ne zai iso hannun mai gona? Shekara nawa yarjejeniyar za ta ɗaure gonar, kuma wa zai biya idan fari ya kashe itatuwan? A nemi amsa a rubuce, a gaban mai gari da ma'aikatan gandun daji, kafin kowa ya dangwala hannu.

Afirka duka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na iskar kabon ta duniya, amma fari da ambaliya ba su tambayar wa ya hura wutar. Duk ranar da shugabannin yankinmu suka zauna tsara irin wannan kasuwa, ko shiga ta wasu, ya kamata ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata su samu kujera a wurin, don su ne suka san yadda ake gane mudun da aka bubbuge gindinsa, su ne kuma za su fara jin nauyin farashin.