Cinikin Biri a Sama: Yadda Muke Sayen Talabijin Ido Rufe

Magidancin da ba zai biya kuɗin buhun shinkafa ba sai an soka masa ya ga ƙwayarta, shi ne kuma zai shiga kasuwa ya ƙirga dubban ɗaruruwan naira a kan talabijin ɗin da ko jona shi da wuta ba a yi ba. Ya ga kwali mai sheƙi, ya ga an rubuta 4K da manyan baƙaƙe, mai shago ya ce masa "Alhaji, wannan orijina ne, yanzu aka sauke," shi ke nan a ɗaura a mota. Wannan sakaci ya yi mana yawa, kuma masu jabun kaya sun gane mu sarai.

Abin da ya faru da wani matashi a unguwarmu ne ya sa na ɗauki alƙalami. Yaro ne mai neman na kansa, ya yi adashi, ya haɗa da ɗan abin da yayansa ya ranta masa, ya kama shago zai buɗe gidan gem. Ya riga ya mallaki PlayStation ɗinsa, saura talabijin. Wani ɗan kamasho ya ja shi lungun kasuwa, aka nuna masa kwalaye ɗauke da sunan wani fitaccen kamfani, an rubuta inci 55, an rubuta 4K, an rubuta "Smart", farashin kuma bai kai na manyan shaguna ba ko kusa. Da ya ce a buɗe a gwada, sai aka ce masa idan aka yanke salatif sai ya saya, kuma ma babu wuta a layin. Ya biya, aka ba shi wata 'yar takarda da aka rubuta "talabijin biyu" da biro, babu lamba babu hatimi.

Tun ranar farko yara suka fara ƙorafi. Sai ka danna a buga ƙwallo, ɗan wasan sai ya ga dama yake bugawa. Suka ce hannun gem ɗin ne ya lalace, ya je ya sayo sababbi, matsala tana nan. Rubutun sunayen 'yan wasa a dishi-dishi, ciyawar fili kamar an shafa koren fenti. Da aka kawo tef ɗin tela aka auna fuskar daga kusurwa zuwa kusurwa, ko inci 50 ba ta cika ba. Sunan kamfanin da ke ƙasan gilashin kuwa farce aka sa aka ɓare shi, ashe liƙa shi aka yi. Ya koma kasuwa da kayansa, aka ce masa ba a san zancen ba, ɗan kamashon ma ba yaron shagon ba ne. Yanzu yaran unguwa sun koma wani gidan gem a bayan layi, shi kuma yana biyan bashi.

Na tausaya masa, amma sai da na yi masa faɗa. Wanda zai buɗe sana'ar da jarinta kaf talabijin ne, yaya za a yi ya kasa ɗaukar na'urar gem ɗinsa a jaka ya je da ita kasuwa? Babu wuta? Kasuwar da ake sayar da kayan lantarki ba ta rasa janareta. Wanda ya hana ka gwaji ya riga ya gaya maka abin da ke cikin kwalin.

Hoton talabijin ɗige-ɗige ne ƙanana aka jera, kuma yawansu shi ne bambancin da ake biya wa kuɗi. Wanda ake kira HD yawanci yana da ɗigo 1366 a kwance, 768 a tsaye, wato miliyan ɗaya da ɗoriya. Full HD yana da 1920 da 1080, kimanin miliyan biyu. 4K na gaskiya yana da 3840 da 2160, sama da miliyan takwas, ninki huɗu na Full HD ke nan. Abin da 'yan jabu ke yi shi ne su ɗauki gilashi mai ƙarancin ɗigo su saka shi a babban gida, su buga 4K a kwali. A fuska mai inci 55, 4K na gaskiya yana da ɗigo kusan 80 a kowane inci, mai 1366 kuwa bai kai 30 ba. Ba sai kana injiniya za ka gane ba. Matsa kusa da gilashin kamar tazarar kamu ɗaya, a buɗe farin hoto. Idan ka ga ɗigon ɓaro-ɓaro kamar raga, ba 4K ba ne, ko wa ya rantse maka.

A kula da wani abu kuma. Wasu daga cikin waɗannan talabijin suna karɓar hoton 4K daga na'urar gem, sai su matse shi ya dawo daidai ƙarfin gilashinsu. Saboda haka ko PlayStation ta nuna maka 2160 a wurin bayanin hoto, wannan kaɗai bai isa hujja ba. Idonka ne alƙali. Ka zo da fulash ɗinka da ka zuba hoto mai ƙananan rubutu, da farin hoto zalla, da baƙi zalla. Ƙananan rubutu za su tona asirin yawan ɗigo. Fari da baƙi kuma za su nuna maka mataccen ɗigo, ko tabo, ko hasken da ke yoyo ta gefe. Kada ka yarda da bidiyon furanni da tsuntsaye da ake sakawa a shago, an shirya shi ne musamman don ya yi kyau a kan kowane gilashi.

Akwai wata hanya mai sauƙi ta kama ɓarawon suna, ita ce manhajar da ke cikin talabijin ɗin. Na Samsung suna aiki ne da Tizen, na LG da webOS, na Sony da Google TV ko Android TV, yawancin na Hisense kuma da VIDAA. Idan aka kunna maka talabijin mai sunan Samsung ko LG ka ga ya buɗe da Android irin na tsohuwar waya, ka ajiye rimot ka yi sallama. Sannan ka shiga wurin bayanin na'ura ka duba lambar samfuri da lambar siriyal, ka gwada su da wadda ke liƙe a bayan talabijin, da wadda ke jikin kwali. Dole ukun su zo ɗaya. Ka sa lambar samfurin a wayarka ka bincika shafin kamfanin, idan babu ita a can to ka yi hattara. Inci kuma daga kusurwa zuwa kusurwa ake aunawa, gilashin kaɗai ban da firam: inci 43 ya kama kimanin santimita 109, inci 55 kimanin santimita 140. Tef ɗin tela nawa yake, da za a ce ya gagari mai sayen talabijin?

Ga masu gem, babban abin dubawa shi ne jinkirin da ke tsakanin danna hannu da ganin motsi a fuska. Kafin talabijin ya nuna hoto yakan tsaya ya yi masa gyare-gyare, kuma wannan gyaran yana cin lokaci. Gem mai hoto 60 a daƙiƙa yana sauya hoto duk bayan kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa, to talabijin ɗin da ke jinkirin kashi 100 cikin dubu ya bar ka a baya da hoto shida. A wasan ƙwallo wannan ya isa a ƙwace maka ƙwallo kafin ka juya. Maganinsa wani saiti ne da ake kira "Game Mode", wanda ke kashe gyare-gyaren, kuma a talabijin na kirki yakan sauko da jinkirin zuwa kashi 10 ko 15 cikin dubu. Abin haushi, mutane da yawa suna da talabijin mai kyau a gida, saitin yana nan, ba su taɓa kunna shi ba, suna ta zagin hannun gem. A jabu kuwa sau da yawa ko babu shi, ko sunan ne kawai a jeri, ka kunna ka kashe duk ɗaya.

Kada kuma a ruɗe ka da zancen 120. PlayStation 5 da Xbox Series X, waɗanda suka fito a 2020, suna iya ba da hoto 120 a daƙiƙa a kan 4K, amma sai talabijin ɗin yana da gilashi mai 120Hz na gaske da kuma ƙofar HDMI 2.1. Tsohuwar ƙofa ta 2.0 iyakarta 4K a kan 60. Kamfanoni suna da wata dabara ta rubuta lambobi irin su "Motion Rate 120" a kwali alhali gilashin mai 60 ne, don haka ainihin lambar Hz za ka nema a takardar bayani. Ko a talabijin mai 2.1 ma, ba lallai ne duk ƙofofin su zama haka ba, wani biyu ne kawai cikin huɗu. Amma gaskiya, wanda PlayStation 4 ta 2013 gare shi, wadda iyakarta 1080, ko wanda ba ya buga komai sai ƙwallo, ba shi da dalilin ƙona kuɗi a kan 120. Full HD na gaskiya mai saurin amsawa ya fiye masa 4K na ƙarya nesa ba kusa ba.

Masu kallon fim su ma suna da nasu sakacin. Ana ɗaukar yawancin fina-finai ne da hoto 24 a daƙiƙa, amma talabijin na zamani suna zuwa da wani saiti a kunne wanda ke ƙirƙiro hotuna ya cusa a tsakani don motsi ya yi santsi. LG na kiransa TruMotion, Sony na kiransa Motionflow. Shi ya sa za ka ga fim ɗin da aka kashe wa miliyoyin dala ya koma kamar bidiyon biki. Abin ya dami masu sana'ar har jarumin nan na Amurka, Tom Cruise, ya fito a wani gajeren bidiyo a 2018 yana roƙon jama'a su kashe shi. Daga 2020 wasu kamfanoni suka fara saka "Filmmaker Mode", wanda ke kashe duk wannan da dannawa ɗaya. Idan babu shi, ka zaɓi "Movie" ko "Cinema". Ka fitar da talabijin ɗin daga saitin shago mai ƙyalli, wanda ke mayar da fatar mutum ja kamar an shafa masa manja.

Sai tambayar da ba a son ji: me za ka kalla a kai? Idan fina-finanka daga wurin masu turawa a memori kake samo su, yawanci an matse su don su shiga waya, kuma babban gilashi ba ya gyara su, sai ma ya ƙara fito da muninsu. Yawancin tashoshin tauraron ɗan Adam da muke kamawa ba su wuce 1080 ba, wasu ma ba su kai ba. Wanda ke kallon Labarina ko Izzar So a YouTube yana rage ingancin hoto don tattalin data, 4K bai amfane shi da komai ba. Netflix da kansu sun bayyana cewa kallon 4K na iya cin data har gigabait 7 a awa ɗaya, kuma sai da intanet mai ƙarfi da rajista mafi tsada. Ka yi wannan lissafin kafin ka shiga kasuwa.

Game da nau'in gilashi, a taƙaice: VA ya fi baƙi mai zurfi, ya dace da kallon dare, amma launinsa yana koɗewa ga wanda ya zauna a gefe. IPS ya fi dacewa da falon da iyali ke bazuwa, wasu a kujera wasu a tabarma. OLED ya fi su duka kyau da tsada, sai dai abin da ya daɗe a wuri ɗaya, kamar tambarin tasha ko allon ci, yana iya barin inuwarsa a gilashin, don haka ban ga hikimar saka shi a gidan gem ko gidan kallon ƙwallo ba. HDR kuwa kowa yana rubutawa a kwali, amma a gilashi maras haske sosai ba za ka ga wani bambanci ba.

Idan ka gama gwaji ka gamsu, kada zumuɗi ya sa ka fita babu rasit na kirki: sunan shago, kwanan wata, lambar samfuri, lambar siriyal, da katin garanti mai hatimi. Najeriya tana da hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, da hukumar kula da ingancin kaya, SON, amma da me za ka je musu idan abin da ke hannunka 'yar takarda ce da aka rubuta "talabijin biyu"? Ka tabbata wanda aka gwada a gabanka shi aka mayar cikin kwali, domin ana musanyawa a bayan kanta yayin da kake ƙirga kuɗi. Ka haɗa da sitabilaiza ko na'urar kare wuta tun a ranar, don yawancin garanti ba ya ɗaukar abin da wuta ta ƙona, kuma kowa ya san yadda ake dawo mana da ita. A hanyar gida kuma a ɗauko shi a tsaye, wani ya riƙe. Kada a kwantar da shi a bayan adaidaita sahu a ɗora masa kaya, gilashin siriri ne, rami ɗaya ya ishe shi.